Tambayoyin da ake ta yi min kan ƙananan fai na cuku da ganye, na tarbar baƙi

Assalamu alaikum mata. Tun ranar walimar saukar yaran islamiyyar garinmu da na kai ƙananan fai ɗin nan wayata bata huta ba, wannan ta kira waccan ta turo saƙo, har da wadda ta tare ni a bakin injin markaɗe da bokitin gero a kanta wai sai na tsaya na faɗa mata awon fulawa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne shi yasa nace bari in tattara su guri guda in huta. Ni dai ba makarantar girki nayi ba, a ƙauye nake can gefen Kura, wutar nepa sai ta ga dama take zuwa, obin ɗina kuma tsohuwar tukunya ce da yashi a ciki.

Wai mit fai ne ko samosa?

Ɗan uwan mit fai ne, kwaɓin fulawar iri ɗaya, sai dai shi ƙarami ne loma biyu ya ƙare, kuma babu nama a ciki, cuku ne da kayan lambu. Samosa soyawa ake a mai, wannan gasawa ake. Waɗanda suka je Umara da azumi sun san sambusar cuku da ake saidawa a Makka da Madina dab da shan ruwa, to kusan can ya dosa. Abinda yasa na fi son gasasshen wajen taro, baya jiƙe leshin mutane da maiƙo, kuma baki ƙarar da galan ɗin man gyaɗa ba.

Anti mu a ƙauye ina zamu samu cuku?

Wannan ita ce tambayar da tafi yawa, kuma amsarta tana rugar da ke bayan garinku. Ki sayi madarar shanu sabuwar tatsa, ba nono ba, ba kindirmo ba, madara wadda bata yi tsami ba. Ki tace ta da kyalle mai tsafta ki ɗora a wuta har ta tafaso sosai, tafasar nan dole ce saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta irin su tarin fuka na shanu da ciwon bakkale. Da ta tafaso ki rage wuta ki zuba ruwan lemon tsami, kamar cokali biyu zuwa uku babba ga lita ɗaya, a hankali kina juyawa. Zaki ga ta tsinke, fari-fari ya taso sama ruwan ya koma tsarari kamar mai ɗan kore. Ki sauke ki barta minti 10, ki juye a abin tatar koko, ki ɗauraye da ruwa dan tsamin ya ragu, ki ɗaure bakin ki ɗora turmi ko dutsen niƙa a kai kamar dai yadda ake danne awara.

Lita ɗaya tana bada wajen giram 150 zuwa 200 ne kawai, kinga kar ki sayi kwano ɗaya kice zaki ciyar da 'yan biki. In rani yayi shanu sun yi kudu madara tayi wuya, madarar gari mai kitse ma tana yi, ki dama ta da kauri ki bi hanya ɗaya.

Irin wannan cukun baya narkewa a wuta, baya jan zare irin wanda kuke gani a bidiyo, tsayawa yake da laushinsa. Ni a gurina wannan alheri ne dan baya tsiyayowa ya ƙone a ƙasan faranti. Kuma bashi da gishiri ko kaɗan, sai kin murmushe shi kin saka gishiri da ɗan mai, in ba haka ba salam zaki ji shi.

To cukun Nijar fa, busasshen nan?

Shi wanda Buzaye da Fulani ke yi falle-falle su shanya, yana shigowa ta wajen Maigatari da Daura, ƙamshi gare shi amma tauri kamar fata. Ba zai zama shine cikon ba. Ki daka kaɗan yayi gari ki barbaɗa cikin sabon cukun da kika yi, ɗanɗanon yana tashi sosai. Mutanen Gumel da Maigatari ku kam kun huta.

Zan iya saka awara?

Zaki iya, kuma yawancin wanda nake yi na sayarwa rabi awara ne rabi cukun madara, bana ɓoyewa. Awara dai waken suya ce ba madara ba, dan haka bata da maiƙon cuku, sai kin taimaka mata. Ɗanya zaki samu wadda ba'a soya ba, ki matse ta sosai, ki murmushe ki ɗan soya sama-sama da albasa. Ki ɗanɗana kafin ki saya, in mai yin ta cika ruwan tsami duk abinda kika zuba tsamin nan sai ya fito.

Na kanti fa, mozarela da ceda?

In kina da kuɗinsa kuma kina da firij, bismillah. Mozarela asalinta daga Italiya ne, ita ce mai jan zare, amma ɗanɗanonta kaɗan ne kuma da ta huce sai ta koma kamar roba. Ceda sunan wani ƙauye ne a Ingila, shi yafi ƙarfin ɗanɗano da gishiri, kaɗan ya isa. Sai an shiga cikin birnin Kano manyan kantuna ake samu, kuma ki tuna daga can zuwa gida a motar haya cikin rana, in ba'a kula da ƙanƙara kika saka ba kafin ki iso ya fara gumi. Akwai kuma ɗan mai kusurwa uku na cikin kwali zagayayye mai hoton saniya, shi yafi jure hanya, guda ɗaya yana isar fai biyu in kin haɗa da ganye.

Wata ta tambaye ni ko halal ne. Abinda ake daskarar da cukun turawa da shi wani sinadari ne da asali daga tumbin ɗan maraƙi ake cirowa, yanzu kamfanoni da yawa na amfani da wanda ba na dabba ba. Ki duba jikin ledar ko akwai tambarin halal. Haka kwaɓaɓɓiyar fulawa ta firiza da ake shigowa da ita, ki karanta irin kitsen da aka saka, dan a wasu ƙasashen da kitsen alade ake yi. Wanda kika yi da lemon tsami a tsakar gidanki kuwa ba sai kin tambayi kowa ba.

Bani awon kwaɓin dan Allah

Fulawa giram 500, wato kofi 4 na awo. Bota giram 250, ledar Simas ɗaya kenan. Bekin hoda ƙaramin cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, ƙwai 1, ruwan sanyi kamar rabin kofi ko ƙasa da haka. Abin riƙewa shine bota rabin nauyin fulawa, ko buhu zaki kwaɓa lissafin kenan.

Ki tankaɗe fulawar da bekin hoda da gishiri, ki zuba bota ki dinga murzawa da kan yatsu har ta koma kamar garin dambu, babu dunƙulen bota a ciki. Sai ƙwai, sai ruwa kaɗan-kaɗan, da ya haɗe jikinsa ki tsaya. Ki tsaya nace. Mu da muka saba da kwaɓin fanke da alkubus hannunmu baya son tsayawa, sai mun buga mun buga, to nan bugu ɓata shi yake, yana tada danƙon alkama ya fito da tauri kamar gurasar jiya. Ki rufe da leda ki ajiye minti 30 a guri mai sanyi, ni gindin randa nake ajiyewa, ruwan kwaɓin ma na randa ne.

Wannan awon yana bani 30 zuwa 35 in da bakin kofin shayi na yanka. Murzawa kuma kwalba ma tayi in babu katakon, kaurin kar ya wuce na kwali, in yayi kauri baƙo fulawa kawai zai ci.

Ba bota, man gyaɗa ko man shanu zai yi?

Man gyaɗa yana yi amma ki rage, kamar kofi ɗaya saura kwata ga fulawa kofi 4, kuma ba zai yi gardi irin na bota ba. Man shanu ɗanye da sanyi in ya daskare yana yi da kyau wlh, sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, tsofaffi suna so yara kuma wasu su ture. Na saba raba shi biyu da bota.

Wane ganye ne yafi dacewa?

Alayyahu, kabeji, karas, koren tattasai, albasa mai lawashi, attaruhu kaɗan. Zogale ma yana yi sosai da cuku, ki dafa shi kamar na kwaɗo ki matse. Mu nan da rani kayan lambu ba matsala, ruwan Tiga yana bi ta kanal har Kadawa da Kura da Bunkure, daga Disamba zuwa Maris karas da kabeji araha suke. Na birni kuma 'Yankaba tana nan.

Tumatir ne bana sakawa duk da a cikinsa muke kwana, ruwa ne zalla. In dole sai kin saka ki cire 'ya'yan da ruwan cikin ki yanka naman kawai.

Nawa ƙasan ya jiƙe yayi caɓal, me na yi ba daidai ba?

Zauna ki ji, ni ma ta nan na fara. Sunan facalata ne, na ce ni zan kawo abin taɓawa na dangin miji da zasu zo daga Ringim, ina ta rawar kai. Na yanka kabeji da alayyahu na wanke na ɗan soya, da zafinsa da ruwansa na dinga ɗurawa a fulawa saboda rana tana yi. Da na buɗe tukunya saman yayi ja gwanin sha'awa, na ɗago ɗaya sai gindin ya zauna a faranti, hannuna ya taho da hula kawai. Goggon maigidan ta leƙo ta kalla ta kalle ni tace, 'yar nan ɗanwake kika yi mana ne ko kuwa? Ranar cincin ɗin maƙociya ne ya fitar da ni kunya.

Ganye ruwa ne yawancinsa, zafi yana taɓa shi zai saki, kuma a cikin fai ruwan bashi da wajen zuwa sai cikin fulawa. Dan haka kafin ya shiga ki raba shi da ruwansa. Kabeji ki yanka siriri ki barbaɗa gishiri ki barshi minti 15 a kwando, zaki sha mamakin abinda zai ɗiga, sai ki matse da hannu. Alayyahu ki zuba a tafasasshen ruwa minti ɗaya ki tsame ki saka a ruwan sanyi, ki dunƙula ki matse kamar kina matse wanki, ɗauri babba zai dawo cikin tafin hannu, kar ki ji haushi haka yake. Karas ki goga ko ki yanka ƙanana. Sai ki soya albasa a mai cokali biyu, ki zuba sauran a wuta mai ƙarfi kina juyawa har ki ga ƙasan kaskon ya bushe, magi, kori, tafarnuwa, ɗan masoro.

Sannan ki baza a faranti ya huce sarai. Mai zafi yana narkar da botar kwaɓin tun kafin a kai wuta. Sai ya huce ne zaki zuba cukun ki juya. Gwajin da nake yi, in ɗebi cokali ɗaya in ɗora a kan takarda, in ta jiƙe da ruwa to da saura. In kin ga haɗin yana warwatsewa ki dafa dankalin turawa ɗaya ki murƙushe a ciki, yana kama shi kuma yana shanye sauran laimar.

Bakin yana buɗewa a wuta

Kin cika shi ne. Ƙaramin cokali ɗaya a tsakiya ya isa, ki shafa ruwa ko ƙwai a gefen, ki ninke ki danne da cokali mai yatsu, sannan ki tsaga saman sau ɗaya ko biyu dan tururi ya samu hanya. Ki shafa ƙwai a bayansa shine yake bada jan nan mai sheƙi, in kina da riɗi ki barbaɗa.

Bani da obin, yaya ake gashin yashi?

Ki nemo babbar tukunya wadda kika haƙura da ita, dan gindinta zai ci wuta. Ki zuba yashi mai tsafta busasshe kaurin yatsu biyu zuwa uku, wanda kika tankaɗe kika wanke kika shanya tun kwana biyu, mai laima tururi zai yi miki a ciki. Wasu gishiri suke zubawa a madadin yashi, shima yana yi. Ki ɗora gwangwanayen madara uku da babu komai a ciki ko duwatsu, farantin gashin a kansu zai zauna, kar ya taɓa yashin kai tsaye. Ki rufe ki barta tayi zafi minti 15 tukunna.

Yadda nake gane zafin, in barbaɗa fulawa a faranti in saka in rufe. In cikin minti biyar tayi ruwan ƙasa to yayi, in kafin in juya tayi baƙi sai in janye gawayi. Wuta ta ƙasa matsakaiciya, sannan ki ɗebi garwashi ki zuba a kan murfin, wannan ne sirrin da yawancin mata ke tsallakewa sai ƙasa ya ƙone sama yana fari fat. Murfin kar ya zama mai hannun roba. Minti 25 zuwa 35, a tsakiya ki buɗe sau ɗaya ki juya farantin, banda leƙe-leƙe, duk buɗewa zafi ne yake fita.

Abu biyu dan Allah. Kar ki tada gawayin da kananzir ko leda, fulawa da bota suna ɗaukar wari. Kuma kar ki shiga da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa wai saboda iskar hunturu, hayaƙin gawayi akwai guba a cikinsa wadda bata da wari bata da launi, tana kisa. A tsakar gida ki kare da langa-langa ko tabarma.

Mai obin ɗin gas ko na wuta, digiri 180, minti 25 zuwa 30, ki kunna ya ɗau zafi kafin ki saka.

Ina son mai falle-falle ɗin nan irin na bidiyo

Shi aiki ne daban. Ana shimfiɗa bota a tsakiyar kwaɓi a ninke a murza, a sanyaya, a sake ninkewa har sau shida, a wuta ruwan da ke ciki ya zama tururi ya ɗaga kowane falle. Sharaɗinsa bota ta zauna da sanyinta, ita kuwa botar madara daga digiri 32 zuwa 35 ta narke, mu kuma a watan Afrilu zafin yana haura 40. Kinga ba'a fara ba an gama. Na gwada sau biyu da asubar watan Janairu hannu yana ƙanƙara, ya ɗan tashi ba laifi, amma gaskiya wahalar tafi ribar, baƙin ma basu lura ba. In baki da firij mai wuta tsayayya ki barshi.

Garin alkamar gida zai yi?

Ki haɗa kashi ɗaya alkama kashi biyu fulawa, ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki ƙara ruwa kaɗan dan tafi sha. Zalla tana yin nauyi.

Zan iya yi tun jiya? Kwana nawa yake yi?

Nan ne nake ɗan faɗa da mutane. Wannan ba cincin bane ba dubulan ba da za'a zuba a bokiti a kai gara ya yi wata. Akwai madara a ciki akwai ganye. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce irin wannan kar ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Dan haka ranar taron ake gasawa. Abinda zaki rage tun dare shine murza fulawa da bota ki rufe ba tare da ruwa ba, ki gyara yashi da gawayi, ki wanke karas. Cuku da haɗin ganye da asuba, sai in kina da firij. Suna dai da yamma mata ke cika gida, in kin fara bayan sallar asuba da kwaɓi da haɗi, ki jera gashin ya ƙare dab da zuwansu.

In ya fito kar ki zuba a kula ko leda da zafinsa, gumi zai yi ya saki. Ki baza a kan faifai ko rariya ya sha iska, sannan ki jera a kwano ki rufe da kyalle mai tsafta saboda ƙuda. Wanda ya kwana a firij ki maida shi tukunyar yashi minti 10 ya dawo da garɗinsa. Wanda ya kwana a waje da zafi kuwa ki haƙura, kar ki ba yara wai kar ayi asara.

Mutum 40 nawa zan yi?

Uku-uku nake lissafawa, 120 kenan, fulawa kilo 2 bota kilo 1, cuku da awara kamar kilo ɗaya, ganyen bayan an matse shima kusan haka. Amma kin san taronmu, an ce 40 ki sa ran kowacce da goyo da na hannu, ga masu cewa a ƙulla musu na maigida. Ni ina ware kwano guda in tura ƙarƙashin gado tun kafin a fara rabo, na surukai da na zaure, dan in ya fito tsakar gida ya fito kenan. Tukunyata tana cin 15 a lokaci ɗaya, sahu takwas, shi yasa nake aro ta maƙociya in haɗa wuta biyu.

Da me ake haɗa shi?

Zobo mai sanyi ko kunun aya da rana, shayi mai citta da kanumfari in da sanyi ne, da azumi kuma kusa da kunun gyaɗa yana tafiya. Ki ajiye yajin ƙuli a ɗan kwano a gefe, dan duk yadda kika gyara sai an samu mai cewa yaji bai ji ba.

Maza suna ci kuwa, ba nama?

Maigidana ranar farko ya ɓare ɗaya yana leƙa ciki yace ina naman, nace mahauci bai yanka ba. Ya ci bakwai. Yanzu in abokansa zasu zo zaure shi yake aika yaro ruga da galan tun da sassafe, sai dai har yau baƙi in sun tambaya ce musu yake kaza ce a ciki.